Ɗalibin Likitanci Ma Yakan Kwanta Ciwo

Jama'a ɗaliban likitanci, barkanmu da warhaka. A shekarar 2016 mujallar likitoci ta Amurka mai suna JAMA ta wallafa wani nazari da Lisa Rotenstein ta jagoranta, wanda ya tattaro bincike daga ƙasashe sama da 40. Sakamakon ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci suna da ciwon damuwa ko alamominsa, kashi 11 kuma tunanin kashe kai ya taɓa zo musu. Wani nazarin na 2019 ya ce fargaba mai tsanani tana damun ɗaya cikin uku. Ku waiga dama da hagu, ku ƙirga da kanku.

Amma adadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: a cikin waɗanda aka ga alamar ciwon a tare da su, kusan kashi 16 ne kawai suka nemi magani. Mutanen da asibiti ne ajinsu fa!

Me ya kawo haka? Yawancinku tun kuna yara ku ne na ɗaya a aji. Kun zo nan kun tarar kowa na ɗaya ne, faɗuwa jarabawa guda sai ta zama kamar mutuwa. Ga rashin barci, ga ranar da majinyaci zai fara cikawa a gabanka, a ce maza ka wuce gado na gaba. Sannan ga tsoro: wanda zai duba ni malamina ne, gobe shi zai ba ni maki. Sai ɗalibi ya yi gum, ya ce gajiya ce. Wani ma ya buɗe littafi ya yanke wa kansa magani, wannan kuwa na fi jin tsoronsa.

Gajiya tana tafiya idan an huta. Idan aka kai mako biyu ƙunci bai sake ka ba, abin da ke faranta maka rai ya daina, barci da ci sun rikice, to a je a ga likita, ba abokin karatu ba.

Idan kuma abokinka ne ya janye jiki, ya daina zuwa aji, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, ka raka shi asibiti a ranar.