Me Ya Sa Hutu Ba Ya Maganin Ƙonewar Ma'aikaci?

[Ofis da sassafe, ma'aikata na shigowa ɗaya bayan ɗaya]

A watan Mayu na 2019 kafafen yaɗa labarai da dama sun ba da labarin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince gajiyar aiki cuta ce. Tun daga lokacin labarin bai daina zagayowa a shafukan sada zumunta ba, kowa yana tura wa abokin aikinsa, wasu ma har su jefa shi a zauren WhatsApp na ofis da fatan oga zai gani ya yi wa kansa faɗa. Sai dai hukumar ba ta faɗi haka ba. A ranar 28 ga wannan watan ta fitar da sanarwa tana gyara kuskuren, inda ta bayyana cewa ta sanya wannan yanayi a kundinta na rarrabe cututtuka, bugu na 11, amma a babin abubuwan da ke shafar lafiya ko suke kai mutum wurin likita, kuma ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba. Ta ce abu ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a shawo kansa ba, ta kuma ja kunne cewa kada a yi amfani da kalmar a kan wahalhalun da ba su shafi aiki ba.

Kalmar da Turawa ke amfani da ita tana nufin abin da ya ci wuta har ya cinye, don haka a nan za mu kira shi ƙonewar ma'aikaci.

[Tsofaffin hotunan birnin New York]

Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger ne ya yi rubutu a kai a 1974, bayan ya lura da masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a New York, waɗanda suka fara da zumuɗi, suka ƙare a gajiye kuma a gundure. Christina Maslach ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ita da Susan Jackson suka fitar da ma'aunin gane shi a 1981, kuma alamomi ukun da suka kafa su ne hukumar ta ɗauka kusan shekara arba'in bayan haka. Ta farko ƙarewar kuzari, ta biyu janyewar zuciya daga aikin, ta uku kuma jin cewa mutum ya daina tsinana abin kirki a aikinsa.

Yawancin mutane alamar farko kawai suke ji, su ce to ai wannan gajiya ce, maganinta kuma hutu. A nan kuskuren yake, kuma a nan za mu tsaya.

[Ma'aikaciyar jinya tana tafiya a barandar asibiti da dare]

Ku dubi alama ta biyu da kyau. Manomin da ya yini yana noma ya gaji, amma idan ya tsaya a bakin gona da yamma ya dubi kunyoyin da ya tayar, ransa yana yi masa daɗi, kuma gobe da asuba zai saɓi fartanyarsa ya koma. Wanda ya ƙone ba haka yake ba. Ma'aikaciyar jinyar da a shekarunta na farko take haddace sunan kowane majinyaci har da na mai jinyarsa, yanzu ta koma cewa gado na bakwai yana kira, gado na goma bai biya kuɗin magani ba. Malamin da a da yake tsayawa bayan an tashi domin ya sake yi wa yaro ɗaya bayani, yanzu yana rubutu a allo yana duban agogo, kuma idan rabin aji ya faɗi jarrabawa ba ya jin komai. Ma'aikacin bankin da ke bayan kanta ya daina ganin fuskoki, layi kawai yake gani. Waɗannan mutane ba mugaye ba ne, kuma sau da yawa su ne waɗanda suka fi kowa son aikin a farko. Zuciya ce ta gano cewa duk abin da ta zuba a wurin ba ya dawowa, sai ta fara kare kanta ta hanyar daina damuwa.

Abin takaicin shi ne a idon mai kallo wannan yanayi kama yake da lalaci, ko mutuwar zuciya, ko rashin tarbiyya. Shugaba yakan kira irin wannan ma'aikaci ya ce masa, Malam, ka canja, da ba haka kake ba. Gaskiya ne ya canja, amma ruwa ba ya tsami banza, kuma tambayar da ba a cika yi ba ita ce me ya faɗa cikin ruwan.

[Jadawali mai layi ɗaya: ya sauka, ya sake hawa]

Yanzu ku kalli wannan layi. A 1997 masu bincike biyu na Jami'ar Tel Abib, Mina Westman da Dov Eden, sun bi diddigin ma'aikatan ofis 76, suka auna yanayinsu kafin su tafi hutu, da lokacin da suke hutun, da kuma bayan sun dawo. Kamar yadda kuke gani, layin ƙonewar ya sauka sosai a lokacin hutu, wato hutun ya yi aikinsa. Amma kwana uku da komawa aiki ya fara hawa, kuma a mako na uku ya koma daidai inda yake kafin a tafi. Mako uku kacal, kafin ma albashin wata ya shigo ya rufe ramin da kuɗin tafiyar ya haƙa.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Hutu yana magance alamar farko, domin barci da nisa da tebur suna mayar da kuzari. Amma ba ya taɓa abin da ya haifar da ta biyu da ta uku. Wanda ya dawo zai tarar da shugaban da ya bari, da aikin mutum uku da aka ɗora masa tun da abokan aikinsa biyu suka tafi ba a ɗauki wasu ba, da fayilolin da suka taru suna jiransa domin babu wanda ya riƙe masa. A wasu wuraren ma mutum yakan yi aikin mako biyu a mako ɗaya kafin ya tafi, ya sake yin haka idan ya dawo, sai hutun ya zama bashi ne da ya ci a wurin kansa.

[Fitilar ƙwai tana ci, harshenta ya fara ja yana hayaƙi]

Duk wanda ya yi karatu da fitilar ƙwai ya san wannan yanayi. Muddin akwai kananzir, shi ne ke ci, lagwani kuwa hanya ce kawai. Da zarar kananzir ya ƙare, wutar ba ta mutuwa nan take, sai ta koma cin lagwanin kansa, haske ya ragu, hayaƙi ya yi yawa, ƙwan ya yi baƙi. Idan aka hure fitilar aka ajiye ta mako biyu, za ta huce, amma ranar da aka sake kunna ta ba tare da an zuba mai ba, lagwanin za ta ci gaba da ci daga inda ta tsaya.

To mene ne kananzirin? Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter sun ware fannoni shida da ake samun rashin daidaito tsakanin mutum da aikinsa, kuma yawan aiki ɗaya ne kawai daga ciki. Akwai rashin iko a kan yadda mutum zai gudanar da aikinsa, irin wanda sai ya nemi sa hannun mutum huɗu kafin ya sayi takardar bugawa. Akwai lalacewar zumunci tsakanin abokan aiki, akwai saɓani tsakanin abin da mutum ya yarda da shi da abin da ake tilasta masa, kamar wanda aka ce ya tallata wa tsohuwa bashin da ya san ba za ta iya biya ba. Sai kuma sakayya da adalci, waɗanda a ganina su ne suka fi saurin ƙona mutum. Ɗan Adam yana iya jure aiki mai nauyi na tsawon shekaru idan ya ga ana raba nauyin daidai kuma ana ganin ƙoƙarinsa. Abin da ba ya jurewa shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, wato shi ya kwana yana haɗa rahoto, wani ya gabatar da shi a taro, kuma ƙarin girma ya tafi ga wanda ya fi kowa iya gaisuwa.

[Ɗakin taro, an jera kwalaben lemo da fakitin abinci, wani yana jawabi]

Wannan ya kawo mu ga abin da kamfanoni ke kira al'adar wurin aiki da kula da walwalar ma'aikata. Abin da aka saba yi shi ne a gayyato mai lacca ya koya wa ma'aikata yadda za su sarrafa damuwa, a raba riguna masu tambarin kamfani, a sa musu manhajar kwantar da hankali a waya, kuma sau da yawa ranar Asabar ake sa taron, ranar da da suna gida suna hutawa. A farkon 2024 William Fleming na Jami'ar Oxford ya wallafa nazarin da ya yi a kan bayanan ma'aikata fiye da 46,000 a Birtaniya, ya kwatanta waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye da waɗanda ba su shiga ba, bai ga wani bambanci a walwalarsu ba, in ban da waɗanda suka yi aikin sa kai na taimakon jama'a. Ni dai sakamakon bai ba ni mamaki ba, domin duk waɗannan shirye-shirye suna ɗauka cewa matsalar a jikin ma'aikaci take, shi ya sa suke ƙoƙarin gyara shi su bar aikin yadda yake. Al'adar kamfani kuwa ba a allon da aka rataye a ƙofar shiga ake karanta ta ba. Ana gane ta ne daga abin da ke faruwa da wanda ya tashi ƙarfe biyar daidai, da wanda bai amsa saƙon oga na sha ɗayan dare ba, da kuma wanda ya ce a taro wannan wa'adi ba zai yiwu ba.

[Jiragen ƙasa cike da ma'aikata a Tokyo; titin Faris da dare]

Inda aka taɓa tsarin aikin kansa, labarin ya bambanta, kuma akwai babban dalilin taɓa shi. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Japan, wadda har kalma gare ta ta mutuwa saboda yawan aiki, karoshi, ta yi doka a 2018 da ta taƙaita aikin ƙarin lokaci zuwa awa 45 a wata a yanayin da aka saba. Faransa tun watan Janairun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin ƙin amsa saƙonnin aiki bayan an tashi. A Birtaniya kamfanoni 61 sun gwada aikin kwana huɗu a mako ba tare da rage albashi ba na tsawon wata shida a 2022, kashi 71 cikin ɗari na ma'aikatan sun ce ƙonewar ta ragu, kuma 56 daga kamfanonin suka ci gaba da tsarin.

Wata magana guda kafin hoton ƙarshe. Idan nauyin zuciyar ya bi mutum har gida, ya hana shi barci da cin abinci, ya ɗauke masa jin daɗin iyali da ibada da duk abin da yake so a da, to lamarin yana iya zama ciwon damuwa, wanda shi kam cuta ce da likitoci ke yi wa magani, kuma ganin likita ya zama wajibi.

[Takardar neman hutu a kan tebur, ba a sa mata hannu ba]

A Nijeriya, Dokar Ƙwadago ta tanadi mafi ƙarancin hutun kwana shida na aiki a shekara da cikakken albashi ga ma'aikacin da ya yi wata goma sha biyu a jere, kuma dokar ba ta haɗa da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, su abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki shi ne hujjarsu. Duk wanda ya samu nasa hutun ya karɓa, domin haƙƙinsa ne kuma jiki yana buƙata. Idan ya dawo, sai ya sa alama a kalanda a kan rana ta ashirin da ɗaya, ya duba yadda yake ji da safiyar ranar a lokacin da yake ɗaura takalmi zai fita.