Yawun taba da ya haifi dokar Mormon kan giya

Jama'a, yau in ka haɗu da cikakken ɗan ɗarikar Mormon, wata ɗarikar Kirista da ta samo asali a Amurka, ba ya shan giya, ba ya shan taba, kai ko shayi da kofi ba ya kurɓa. Amma fa da farko ba haka abin yake ba.

Mu koma garin Kirtland a jihar Ohio ta Amurka, shekarar 1833. Akwai wani ɗan ɗaki a saman shagon Newel K. Whitney, nan shugabansu Joseph Smith ke tara manyan mabiyansa ana karatu. Ana zama kowa zai kunna lofe, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi, in lofe ya mutu a cusa taba a baki a yi ta tauna ana tsartar da yawu a kan katakon daɓe, toh wa ke shan wahalar gogewa? Emma, matar Joseph. Baiwar Allah ta gaji ta yi ƙorafi. Brigham Young, wanda ya gaji Joseph a shugabanci, shi ne ya ba da wannan labari daga baya.

Ranar 27 ga Fabrairu 1833 Joseph ya fito da abin da ya ce wahayi ne, suna kiransa Kalmar Hikima. Ku saurari abin da ke ciki. Barasa mai ƙarfi ba ta ciki ba ce, ta wanke jiki ce. Taba kuma maganin ƙujewa ce da shanu marasa lafiya. Abin sha mai zafi a bar shi, nama a ci kaɗan. Amma an yarda da giyar inabi wajen ibada in su suka haɗa da hannunsu, an kuma yarda da abin sha mara ƙarfi na sha'ir. Sannan tun a farkon rubutun an faɗa ƙarara, ba umarni ba ne ba tilas ba ne. Shawara ce kawai.

Shi ya sa kowa ya riƙe ta yadda ya ga dama. Sai a 1842 Hyrum ɗan'uwan Joseph ya fayyace cewa abin sha mai zafin nan shayi da kofi ake nufi. Shi kansa Joseph, ranar da aka kashe shi a kurkukun Carthage, 27 ga Yuni 1844, sun aika an sayo musu giyar inabi sun sha saboda zukatansu sun yi nauyi, John Taylor da ke tare da shi ne ya faɗa. Brigham Young da ya gaje shi kuwa ya daɗe yana tauna taba kafin ya iya bari, a zamaninsa ma, bayan mabiyan sun yi ƙaura zuwa yankin Utah, a kudancinsa gonakin inabi suka yi sosai suna matse giya, har da ita wasu ke biyan ushirin coci!

Ni dai abin da ke ba ni mamaki shi ne tsawon lokacin. Sai 1921 shugabansu Heber J. Grant ya ce wanda bai bar waɗannan abubuwa ba, ba shi ba shiga haikali. Kusan shekara 90 kenan. Maganar rage nama kuwa ba a taɓa matsa wa kowa ba, har yau.

Grant ya roƙi mutanensa kada su yarda a soke dokar hana giya ta Amurka. Ranar 5 ga Disamba 1933 Utah, cibiyar 'yan Mormon ɗin, ta zama jiha ta 36 da ta amince da sokewar, kuma ƙuri'arta ce ta cike adadin da ake nema.