Sharhi: Kumburin wuya da nauyin ƙafa, hoto kafin aska

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau daga nan Jos ya shafi cukurkuɗewar jijiyoyin jini a wuya da ƙashin baya.

A ƙa'ida, jinin da zuciya ta turo yakan ratsa wasu jijiyoyi da suka fi gashi sirantaka, ƙarfinsa ya ragu, sannan ya shiga jijiyar da za ta mayar da shi. To a jikin wasu mutane, jijiyar kaiwa da ta mayarwa sukan haɗe kai tsaye, jini ya riƙa bankowa inda ba a yi domin hakan ba.

Idan a wuya ne, sai ka ga kumburi mai taushi da ɗumi, ka ɗora yatsa ka ji yana bal-bal. Nan ne gizo ke saƙa, domin mu da mun ga kumburi sai a kira wanzami. Wanzami gwani ne a fagensa, amma wannan ba maruru ba ne da za a yi wa sakiya. Aska na taɓa shi, tsayar da jinin sai Allah.

Na ƙashin baya ya fi ɓoyewa, kuma ya fi kama maza da suka haura shekara 50. Dattijon da ke takawa har Taminus, can tsakiyar garin Jos, sai ka ga zuwa masallacin unguwa na neman gagararsa. Ƙafa ta yi nauyi, ya zauna ya huta, ta sake shi. Daga baya fitsari ya fara gardama. A ce sanyi ne, a ce tsufa, wani ma ya ce sammu, alhali jini ne ya cunkushe wa laka. Tun 1926 wasu likitocin Faransa biyu, Foix da Alajouanine, suka bayyana irin wannan shanyewar.

Hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura a asibiti, shi ke fara tona asirin ciwon. Sai a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi a gano mahaɗar, a toshe ta da wani irin gam, ko likitan tiyata ya buɗe baya ya datse ta. Wanda ya ga alamun nan ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ya nemi likitan ƙwaƙwalwa da laka tun yana takawa da ƙafarsa. Bayan aiki tafiya ta fi saurin dawowa, fitsari kuwa yakan yi nawa.