Idan allurar rigakafi ba za ta isa kowa ba, wa za a fara yi wa?

To jama'a, mu fara da lissafin yadda cuta ke yaɗuwa. Lissafin da masana biyu, Kermack da McKendrick, suka fitar a 1927 ya kasa mutane gida uku ne, masu iya kamuwa, masu ɗauke da cutar, sai waɗanda suka warke. Daga irin wannan lissafi ake samo lambar nan R0, wato mutum nawa mai cuta ɗaya zai shafa wa in babu mai kariya. Ta ƙyanda tana kai 12 zuwa 18, shi ya sa kuke ji ana cewa sai an yi wa kusan kashi 95 cikin 100 allura.

Amma fa lissafin ya ɗauka kowa na cuɗanya da kowa daidai wa daida, ku ma kun san ba haka ba ne, kwandastan bas da yake wuni yana karɓar kuɗi hannu da hannu ai ba ɗaya yake da tsohuwar da ba ta leƙa ƙofar gida ba. A 2001 masana kimiyya Pastor-Satorras da Vespignani suka nuna cewa in 'yan tsiraru ne suka tattare yawancin mu'amala, ko cutar ba ta da ƙarfi sai ta ƙi mutuwa, kuma yin allura barkatai asarar magani ce kawai.

To ina za ka samo waɗannan masu jama'a, tunda babu rajistarsu? Nan ne dabarar masana kimiyya Cohen da Havlin da ben-Avraham ta 2003 take burge ni wallahi. Ka tsinci mutum kowane iri, ka ce ya faɗi sunan wani da yake hulɗa da shi, sai ka yi wa wancan allurar. Mai jama'a da yawa shi za a fi ambata, kun gane?

Tun kafin wannan ma, a 1966 allurar agana ta yi wa wani likita ɗan Amurka, William Foege, ƙaranci a gabashin Najeriya, sai ya riƙa bin inda cutar ta ɓulla yana yi wa na kewaye da majinyaci. Haka aka gwada allurar Ebola a Gini a 2015. Sai dai kar wani ya fita nan ya ce an samu gajeriyar hanya, agana a fuska take fitowa kuma ba ta sauri, ita ko ƙyanda kafin ƙurajen su fito yaro ya riga ya shafa wa 'yan ajinsu, ita kam dole a bi gida-gida.