Me Ya Sa Sautin Oda Ke Yin Kauri In Babur Ya Wuce Ka?

Assalamu alaikum. Ƴan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwaltar da ta fita daga Maradi zuwa Ɗan Isa ya san abin nan. Ɗan kabu-kabu ya taho a guje yana danna oda, sautin siriri, yana gifta ka sai ya yi kauri. Odar kuwa ba ta canja ba, shi mai babur sauti ɗaya yake ji.

Sauti kaɗawar iska ce, bi da bi. Yawan kaɗawar da ke shiga kunne a sakan guda, wadda ake aunawa da hertz, shi ke sa sauti ya yi siriri ko kauri: in ta yi yawa ya yi siriri, in ta ragu ya yi kauri. In babur ya nufo ka, kowace kaɗawa na tasowa ne daga wurin da ya fi kusa da kai, sai su matsu, su riƙa iso ka a kai a kai. In ya ba ka baya, tazararsu ta buɗe.

Ku ɗauki biro. A zafi irin namu sauti na cin kusan mita 350 a sakan. Babur mai gudun kilomita 72 a awa na cin mita 20. Mu ce odarsa hertz 400 ce. Yana tahowa: 400 sau 350, a raba da 330 (wato 350 a cire 20), ya ba da 424. Ya wuce: a raba da 370 (wato 350 a ƙara 20), ya ba da 378. In kuma odar na tsaye, kai ne ka nufe ta da wannan gudun, 400 sau 370 ne a raba da 350, wato 423. Kusa ne, amma ba ɗaya ba ne, don Allah kada ku cakuɗa lissafin biyu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a ce sautin na ƙara sirancewa yayin da babur ke matsowa. A'a! Ƙararsa ce ke ƙaruwa. Muddin gudun bai canja ba kuma kai ya nufo, 424 ɗin na nan. In ka ja nesa da kwalta ma za ka ji sauyin na zuwa sannu-sannu, domin ɓangaren gudun da ya fuskanto ka kaɗai ke shiga lissafi.

Christian Doppler, ɗan Ostiriya, ya bayyana wannan a 1842. A 1845 Buys Ballot ya gwada shi a Holan, da masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa. Da wannan sauyin sauti ne na'urar asibiti ke jiyo bugun zuciyar ɗan tayi: tana tura sautin da kunne ba ya ji, ya daki zuciyar da ke motsi, ya dawo a canje.