Darasin Kiɗan Na'ura: Reza da Zaren Tef

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau darasinmu zai mayar da mu zamanin da babu kwamfuta a situdiyo, babu kibod irin wanda yaranmu ke dannawa yanzu, amma duk da haka aka yi kiɗan na'ura. Da me aka yi shi? Da zaren tef, da reza, da rula.

Mu je Landan. A 1958 gidan rediyon BBC ya buɗe wani sashe mai suna Radiophonic Workshop, aikinsa samar da sautuka masu ban mamaki don wasannin kwaikwayo. A 1962 wata mata, Delia Derbyshire, ta shiga sashen. Lissafi da kiɗa ta karanta a Jami'ar Kambrij, kuma kafin nan kamfanin faifan kiɗa na Decca ya ƙi ɗaukarta aiki, wai ba sa sa mata a ɗakin ɗaukar sauti. A 1963 aka kawo mata kiɗan taken shirin talabijin na Doctor Who, wanda Ron Grainer ya rubuta a takarda, aka ce ta mayar da shi sauti.

To ku kasa kunne, nan ne darasin yake. Ta ɗauki amon tsirkiya guda ɗaya da aka kaɗa, ta naɗe shi a tef. In ka juya tef da sauri, sautin sai ya sirance ya hau sama. In ka rage gudu, sai ya yi kauri ya sauko. Da wannan kaɗai ta fitar da muryoyi masu kauri na ƙasan kiɗan daga tsirkiya ɗaya. Sai maganar tsawon kowane sauti. A ce tef yana gudun inci 15 a daƙiƙa, kiɗan kuma yana bugawa sau 120 a minti. Kenan kowane bugu rabin daƙiƙa ne, wato inci bakwai da rabi na zare. Sai ta auna, ta yanka da reza, ta liƙa da na gaba, kamar tela yana haɗa ƙyallaye. Sauti ɗaya bayan ɗaya fa! Wancan kukan mai tashi sama da kuke ji a taken kuma daga na'urorin gwajin lantarki ya fito, waɗanda asali ba don kiɗa aka ƙera su ba. Da ta gama kowane layi na kiɗan a nasa tef ɗin, sai a kunna injinan tef da yawa a tare, da hannu, a yi ta maimaitawa har su daidaita.

Grainer ya nemi a sa sunanta tare da nasa, BBC ta ƙi. Sai a 2013 sunanta ya fito a allon shirin, alhali ta rasu tun 2001. Ni dai a ganina wannan zalunci ne, ba wani suna da za a ba shi.

Da Robert Moog ya fito da na'urarsa mai haɗa sautin kiɗa da lantarki a tsakiyar shekarun 1960, wahalar yanka ta ragu, ko da yake sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda. Da ita Gershon Kingsley ya yi kiɗan Popcorn a 1969. Makaɗan Kraftwerk na Jamus suka biyo da kiɗan Autobahn a 1974, mai tsawon fiye da minti 22. Waɗannan sai wani shirin.

Nan gida kuma, a Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kiɗan gargajiyar Nijar ya sa shi a ogan ɗin lantarki, ya naɗi faifansa a 1978. Mutanen Nijar sun daɗe suna jin kiɗansa a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri, da yawa ba su san mai shi ba, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013.

Ga aikin gida. Ku ɗauki waya, ku naɗi ƙarar cokali a jikin kwalba sau ɗaya tak. Ku sa shi a manhajar gyaran sauti, ku ninka gudunsa, ku rage shi rabi, ku jera ukun su zama kiɗa. Kada ku ƙara wani sauti daga waje. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga cikin na'urar Moog ɗin kanta. Sai mun sake saduwa.