Husby 2013: Sanarwar Farko Ta 'Yan Sanda

[Hoto: dogayen benaye, tashar jirgin ƙasa]

Wannan ita ce Husby, unguwa a arewa maso yammacin Sitokholm, babban birnin Suwidin. An gina ta a shekarun 1970, cikin shirin gwamnati na gina gidaje miliyan ɗaya tsakanin 1965 da 1974. A 2007 hukumar birni ta fito da shirin sabunta yankin, Järvalyftet, mazauna kuwa suka shiga fargabar rusau da tashin kuɗin haya.

[Hoto: motoci na ci da wuta]

Ranar 19 ga Mayun 2013 tarzoma ta ɓarke, ta yi kusan mako guda, ta yaɗu zuwa maƙwabta irin su Rinkeby da Tensta.

Masu kallo da yawa na tambaya: tunda ana danganta tarzomar da abin da 'yan sanda suka yi, me ya hana hukumar birni tsawata musu? Ba ta da wannan ikon. Harkar gidaje da makarantu tata ce, amma 'yan sanda na gwamnatin ƙasa ne. Kamar a Najeriya, inda ciyaman ba ya ba DPO umarni.

To ku tsaya nan, a koma baya kwana shida.

Ranar 13 ga Mayu 'yan sanda suka harbe wani dattijo mai shekara 69 a cikin gidansa a Husby, bayan rahoton cewa yana riƙe da wuƙa. Sanarwarsu ta farko ta ce an kai shi asibiti. Alhali maƙwabta na tsaye a waje, ido buɗe. Sun ga ba a fito da kowa zuwa asibiti ba, sai can cikin dare aka fitar da gawa. Daga baya 'yan sanda suka gyara maganar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Yadda irin wannan ke faruwa: kakakin rundunar yana ofis, ba ya wurin. Abin da aka ba shi yake wallafawa, 'yan jarida su kwashe cikin mintuna. Gyaran da ya biyo baya ba ya kai inda na farko ya kai. A ganina da ya ce "an yi harbi, muna tantance halin da mutumin yake ciki", ya wadatar.

[Hoto: jami'ai da garkuwa]

Daga ranar, duk sanarwar da ta fito, ko ta neman a kwantar da hankali ce, matasan Husby da kunnen shakka suke saurarenta.